Shekarar da Na Kwashe Maganar Inna

Na san labarin da kuke ba abokanku. Kuna cewa Mama ce ta lalata kwamfutar ofis a Bodinga, shi ya sa aka tura ta Shagari ta ƙarasa aikinta a kan tafireta. Kai Nasiru har kwaikwayona kake yi, kana danna tebur da yatsa ɗaya kana zare ido, ƙannenka suna faɗuwa don dariya. Ban taɓa musa muku ba, domin rabin labarin gaskiya ne. Rabin da ba gaskiya ba shi ne wai rashin sani ya sa. Da sanina na yi, da rana tsaka, kuma babanku yana tsaye a wurin da mafici a hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya tafi bai faɗa muku ba. Ni kam ba zan tafi da shi a ciki ba.

Na shiga aiki zamanin farar hula na biyu, a wani ƙaramin ofishin lafiya da ke kula da mata da yara. Ku da ba ku ga lokacin ba, duk yadda na kwatanta muku sai ku ce tsufa ke sa ni ƙari. Tafiretar da aka ba ni sabuwa ce fil, ni na ɓare ledarta da hannuna. Takarda kuwa har ta yi mana yawa, wadda aka ɓata a rana ɗaya mai ƙosai ke zuwa ta kwashe. Motocin 'yan siyasa suna wucewa da lasifika, albasa tana tashi daga fadama lodi-lodi, kowa kana ganinsa ka ga mai sa ran gobe za ta fi yau. Ina son ƙarar tafiretar nan, ina son ƙararrawar da take bugawa idan layi ya ƙare. Idan na sauko daga mota a garinmu Mandera ranar hutu, mata sukan leƙo ta kan danga su ga 'yar Kulu ungozoma mai aikin ofis, ni kuwa in ƙara gyara gyale. Bayan nan sojoji suka dawo, aka shiga tsuke bakin aljihu. Muka koma buga takarda ciki da baya, takardar kabon kuwa sai ta yage don kanta sannan a jefar.

A tsakiyar wannan ƙunci ne wani shirin taimako ya kawo mana kwamfuta. Mazan ofis suka kewaye ta suna duba gaba da baya, ba mai son ya fara taɓawa a ga kasawarsa. Da suka ga tana da madannai irin na tafireta sai ransu ya yi sanyi, suka ce ai wannan aikin Luba ne. Haka na gaje ta, ba don an ga ƙoƙarina ba. Mutum ɗaya ne ya san kanta, Malam Garba, ma'aikacin lafiya da aka turo mana daga wajen Argungu, dogo mai sanyin magana wanda ya taɓa yin kwas a kanta. Shi ya nuna mini cewa akwatin kansa bai san komai ba sai an zuba masa abin da ku yanzu kuke kira babbar manhaja, mu kuwa sistem muke cewa, kuma a kansa sauran ayyuka suke zama kamar tukunya a kan murhu. Namu sistem ɗin ba hoto ba ado. Baƙin allo ne da koren rubutu, ka buga masa umarni daidai ya yi, ka kuskure harafi ɗaya ya yi maka kunnen ƙashi. Na ji daɗinsa, don halinmu ya zo ɗaya.

Aikin da aka kawo ta dominsa shi ne tattara haihuwar ƙauyuka daga bakin ungozomai. Malam Garba ya zauna ya tsara ɗan shirinsa a kan sistem ɗin: gurbin suna, gurbin gari, gurbin shekara. Ungozoman Dingyadi da na sauran garuruwa suka zo, kowace ta faɗi abin da ta iya tunawa a taƙaice ta tafi. Sai aka zo kan kakarku. Inna ta zo ranar kasuwa, ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarmarta a gindin tebur, ta daɗe tana kallon allon.

“Wanga akwati shina jin Hausa?” in ji ta.

Na ce, “Ba shi ji, Inna. Ni ka buga mashi abin da kinka ce.”

Ta ce, “To ki hwaɗa mashi, ni ba ni ƙirga ɗiyan mutane awa albasa. Kowane da uwatai, kowane da ranatai. In shina iya ɗauka hakanan, mu tahi. In ba shi iyawa, in naɗe tabarmata.”

Malam Garba ya yi dariya har ya cire tabarau. A ranar ya ƙara wani gurbi mai faɗi a shirinsa, ya sa masa suna bayani, don Inna kaɗai. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta zo, ta fara sayen gishirinta da daddawa, sannan ta shigo ta zauna. Ba ta bin shekara. Rufe ido take yi ta shiga Mandera ta bakin gabas, ta bi gida-gida, kowane gida ta tsaya ta lissafo duk wanda ta yanke wa cibiya a cikinsa tun tana sabuwar hannu. Ina bugawa tana faɗi, muryarta ƙasa-ƙasa:

“Ɗiyar Mamman maƙeri, ta biyu. Ranar da anka hwara yankan gero, shekarar da rijiyar masallaci tar rushe. Da ƙahwa taz zo. Uwar ko uhum ba ta ce ba, sai da taj ji kukan ɗiya sannan tas suma.”

Har waɗanda ba su kai ranar suna ba tana faɗinsu. Waɗannan ba liman da ya san su, ba takardar da ta ɗauke su, iyayensu ma ba sa ambatonsu. Inna kaɗai ta riƙe su, ta san wanda ya kwana biyu, ta san wanda ya buɗe ido. Muka kwashe kusan damina biyu muna wannan aiki. Da abin ya yi yawa sai Malam Garba ya raba shi fayil huɗu, unguwa-unguwa, yadda ta bi garin: gabas, tsakiya, bakin fadama, yamma. Ban taɓa zama da uwata na ji maganarta mai tsawo haka ba, ko kafin nan ko bayan nan. A gida ba ta da lokacina, kullum wani na sallama a ƙofa matarsa na naƙuda. A ofis ɗin nan na same ta, kuma har yau idan na tuna ranakun kasuwar nan sai in ji ƙamshin daddawar da ke ƙulle a bakin zanenta.

Yanzu ku gyara zama, don ga abin da ba ku sani ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe a yamma, daga shi sai gonaki. Kuma kai Nasiru ba kai ne na fari ba. Kafin kai na je gida goyon ciki kamar yadda ake yi, na haifi namiji a ɗakin Inna. Kwana huɗu ya yi. Ni a kwanakin nan zazzaɓi ya rufe ni, ban san inda kaina yake ba, sai da na farfaɗo aka ce in yi haƙuri. Ban tambaya ba. Yarinya ba ta tambayar labarin ɗan farinta, ko yana raye ba ta kama sunansa, balle ya koma. Haka muka taso, haka na yi. To ranar da Inna ta iso gidanmu a lissafinta, ta gama da 'ya'yan kawunnaina, sai na ji ta gyara murya. Na san inda za ta. Kunya ta kama ni tun daga ƙafa. Na miƙe na ce Malam Garba ya karɓe ni, wai zan je in sha ruwa. Na je bayan ofis na tsaya a gindin dalbejiya har na ga fitowarta. Ya buga abin da ta faɗa, ya adana. Bayan nan shekaru nawa ina zaune a gaban akwatin nan ni kaɗai, maɓalli biyu ne tsakanina da maganar, ban buɗe ba. Kullum sai in ce wata rana, idan na ƙara girma.

Abubuwa suka yi ta tafiya. Aka raba jiha, Malam Garba ya koma wajen su. Shirin taimakon ya naɗe kayansa. Firintarmu ta bushe, aka rasa ribon ɗinta ko a Sakkwato, don haka ba a taɓa fitar da aikin a takarda ba. Sannan Inna ta kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Kafin Malam Garba ya tafi ya kwafe mini komai a faya-fayai masu faɗi, baƙaƙe, ya ce in kiyaye su daga zafi. Ni kuwa 'yar Mandera, ina na sani wurin sanyi in ba gindin randa ba? Nan muke ajiye goro, nan muke ajiye magani. Na naɗe su a tsumma mai tsabta, na sa a kwano, na tura bayan randar ɗakina inda yashi ke jiƙe rani da damina. Na yi ta yaba wa kaina wannan dabara. Ranar da na buɗe kwanon, funfuna ta rufe su kamar tuwon da ya kwana uku. Ko ɗaya bai karantu ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta wahalar mai, wadda mutane suke kwana a layi, malamai suke zuwa makaranta a ƙasa. A bazarar nan tsohuwar kwamfutar ta fara ciwo. Idan aka kunna ta sai ta yi ta ƙara a ciki kamar ana niƙa tsakuwa, ta yi rabin awa ta ɗauke. Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi. Na gwada kwafe maganar Inna da biro daga allo, na ga ko shekara zan yi ba zan gama ba, ita kuwa ba ta da shekara. Ana cikin haka aka kawo mana sabuwa daga Sakkwato, fara tas, mai launi da hotuna da ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Tare da ita aka zo da takarda biyu. Ɗaya ta ce a mayar da tsohuwar sito ranar Litinin. Ɗaya ta ce an sa sunana cikin waɗanda za su tafi kwas na wata shida, wanda duk ya dawo za a ɗaga shi a kai shi hedikwata. Shugaban ofishinmu, dattijo mai kirki, shi ya miƙo mini da hannunsa yana murna. Na ce masa akwai aikin ungozomai a tsohuwar. Ya ce wannan shiri ai ya mutu tuntuni, ba wanda zai sake tambaya.

Babanku yana da abokin makaranta, Iliya, mai gyaran rediyo da talabijin a Sakkwato wanda ya fara taɓa kwamfuta. Muka aika masa, ya zo ranar Alhamis ya duba su biyun. Ya ce tsohuwar ba za ta kai Sakkwato da rai ba, ramin hanya ɗaya ya ishe ta. Ya ce fayilolin ba sa buɗuwa sai da shirin Malam Garba, shirin kuma ba ya tashi sai a kan tsohon sistem. Akwai waya da zai iya haɗa su da ita a kwashe komai, amma sai in duka biyun sistem ɗaya suke ɗauke da shi. Ma'ana sai an share sabon da ke cikin sabuwar kwamfuta an zuba mata tsohon. Na tambaye shi ko za a iya mayar da sabon daga baya. Ya ce faya-fayansa ba su zo da ita ba, suna hedikwata a kulle. Na sani, Nasiru, ka taɓa gaya mini cewa da an iya ajiye su biyun a akwati ɗaya, har da wasu dabaru da ka lissafo. Na yarda. Amma a shekarar nan, daga Bodinga har Shagari, ba wanda ya san haka, kai kuma kana aji uku kana yawo da wando a yage.

Da la'asar ɗin nan ina tankaɗe a tsakar gida babanku ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi.

Ya ce, “Luba, kin san mi za ki yi kuwa? Kayan hukuma na. Kwas ɗin ga kin daɗe kina jira nai.”

Na ce, “Na sani.”

“In sunka kore ki hwa?”

Na ce, “Malam, mutum nawa Inna tak karɓa da hannunta? Ko hoto nata ba mu da. Abin ga ɗai yar rage. In anka kai shi sito, ɓeraye ka gadon shi.”

Ya zuba wa rariya ido. Can ya ce, “Janaretan ohis babu mai.”

Na ce, “Babu.”

Ya tashi ya ɗauko galan da tiyo ya nufi babur ɗinsa. Man da ya kwana biyu a layi kafin ya samu, wanda zai kai shi makarantar da yake koyarwa mako guda, shi ya zuƙe tas, har ya shiga bakinsa yana tofarwa. Wannan shi ne babanku. Bai iya daɗin baki ba, amma ban taɓa juyawa na rasa shi a bayana ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga ofis mu uku, da mabuɗin da ke hannuna. Iliya ya zo da faifai mai faɗi guda ɗaya mai kyau, ya ce shi kaɗai ya samu a duk Sakkwato. Ya kwance murfin tsohuwar don ta sha iska, muka jiƙa buhu muka rataya a taga, aka ba babanku mafici. Ku yi tunanin malamin makaranta guda, da babbar riga, a tsaye yana yi wa akwati fifita kamar mai jinyar uwarsa. Ta tashi da ƙyar. Iliya ya kwafe sistem ɗin a faifan, ya kashe ta, ya ciro na'urar da ke karanta faifan daga jikinta ya ɗaura a sabuwar, wayoyi a waje. Sannan ya buga wani umarni, allon ya yi tambaya, ya janye hannunsa.

Ya ce, “Hajiya, daga nan babu komowa. Ni ba ni dannawa. Ke ad da aiki nan, ke za ki danna.”

Na yi bisimilla na danna. Hotunan nan masu kyau suka tafi. Bayan ɗan lokaci baƙin allo ya fito, da ɗan rubutu a kusurwa yana ƙyaftawa, irin wanda na saba. Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan garinmu a tasha. Iliya ya duba ya yi dariya, ya ce tsohon sistem ɗin bai ma san girman sabon wurin ba, ɗan lungu ya kama ya zauna, sauran fili duk bai gan shi ba. Na ce a bar shi, haka tsofaffi suke.

Ya haɗa wayar, aka sake tayar da tsohuwar. Shirin Malam Garba ya fara hayewa, a hankali, lambobi suna hawa ɗaya-ɗaya. Ƙarar cikinta ta ƙaru, wani wari kamar na ƙonannen roba ya fara tashi. Babanku ya canza hannu. Da shirin ya gama hayewa Iliya ya sa tafin hannu a jikinta ya cire da sauri.

Ya ce, “Ga fayil huɗu, kuma ban ga alamar tana kai su duka ba. Wane za mu hwara turawa? Ki zaɓa da sauri.”

Ga su a allo: gabas, tsakiya, bakin fadama, yamma. Na san abin da ke cikin yamma. Babanku ma ya sani, don na taɓa gaya masa sau ɗaya. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa. Amma in ce a fara da yamma, a gaban mijina, a gaban abokinsa, sai Iliya ya ce me ya sa, ko bai ce ba zai yi tunani. Ni mace mai 'ya'ya, mai shekara kusan arba'in, da na share kayan hukuma ban ji ɗar ba, sai ga bakina ya yi nauyi a kan wannan. Na dubi babanku, ya sunkuyar da kai yana fifita.

Na ce, “A bi yadda Inna tab biyo. A hwara da gabas.”

Gabas ta haye. Tsakiya ta haye. Na fara cewa a raina ashe za ta kai. Bakin fadama ta fi su girma, ta ɗauki lokaci har aka kira azahar, ba wanda ya motsa. Ta haye. Iliya ya tura yamma. Lambobin suka fara hawa, suka yi kamar rubu'i, sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Koren rubutun ya tsuke ya zama ɗigo ya ɓace. Iliya ya yi duk abin da ya iya har janareta ya shanye man. Ya ce abin da ya haye na yamma guntu ne, ba ya buɗuwa. Babanku bai daina fifita ba sai da na riƙe masa hannu.

Muka rufe ofis muka taho a ƙasa, rana tana dukanmu. Mun kusa gida babanku ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Da kin ce a hwara da namu.”

Na ce, “Kai ma da ka ce.”

Ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Ranar Litinin ban jira a gano ba, na je na faɗa wa shugabanmu da bakina. Ya riƙe kai. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ofis ya yi wata biyu ba ya iya aika rahoto a sabon tsari, dole ya rubuta abin da ya faru. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da layi uku. Aka cire sunana daga kwas, aka tura ni Shagari, inda wata tsohuwar tafireta mai karyayyen harafi take jirana. Ban ga laifin kowa ba, ko ni ce a kujerarsu haka zan yi. Waɗanda suka tafi kwas ɗin sun zama manya, wasu kun san gidajensu a Sakkwato. Da na tafi, da watakila a can kuka yi karatu, ba ku sha tafiyar ƙasa da kuka sha ba. Wannan hakkinku ne, na sani, kuma ina neman ku yafe mini.

Alheri ɗaya dattijon nan ya yi mini. Kafin masu gyara su zo daga hedikwata su mayar da sabon sistem, ya aro firinta mai rai ya ce in fitar da abina. Kwana uku tana kuka tana fitar da takarda. Su ne ƙunshin takardun nan uku da ke cikin akwatina na ƙarfe, waɗanda kuke cewa tarkacen Mama. A Shagari mutanen Mandera suka gano ni. Mai neman takardar shekaru don aikin Hajji, mai son sanin shi da ɗan baffansa wa ya girmi wani, duk sai su zo. In buɗe in karanta musu da muryar Inna. Na ga ƙato da gemu yana hawaye don an gaya masa uwarsa ta yi waƙa ranar da ta haife shi. Wata tsohuwa ta zo ba ta son takardar komai, ta ce in duba mata ko Kulu ta faɗi wata 'yarta da ba ta kai suna ba. Na duba, tana nan. Ta ce in sake karantawa, na sake. Mutanen yamma kuwa idan sun zo sai in ba su haƙuri.

Bayan na yi ritaya na je ta'aziyya Argungu, aka nuna mini gidan Malam Garba. Na same shi ya tsufa, ido ya tafi, amma ya gane muryata. Muka gaisa, muka yi ta tuna mutane. Na daɗe ina kewaye-kewaye. A ƙarshe, da furfurata da jikokina, na buɗe baki na yi tambayar da ban taɓa yi ba.

Na ce, “Malam, ranar da nib bar maka kujera, mi Inna tac ce?”

Ya ce, “Luba, ki gahwarce ni, an daɗe. Kalmomin sun tahi. Abin da ni ka tunawa, ba ta taɓa daɗewa bisa wani ɗa awa shi ba. Gurbin bayani yac cika, sai da nib buɗe na biyu. Kuma tsakiyar magana ta yi dariya. Dariya sosai, har tana share ido da bakin zane. Ni ma sai da nid dara.”

Na ce, “Dariyar mi?”

Ya ce, “Wani abu da yaron yay yi. Wallahi na manta.”

Na yi masa godiya na fito. A mota har Bodinga ina ta juya abin. Kwana huɗu yayanku ya yi a duniya, kuma a cikinsu ya yi wani abin da ya ba Inna dariya bayan shekara da shekaru. Ni da na haife shi ban san ko mene ne ba. Shekara takwas maganar tana gabana a kan tebur tana jira in buɗe.